Ba Ciwon Ne Ke Yin Waƙar Ba

Da wuya a sami wanda ya girma a Kazaure ko Ɓaɓura bai taɓa jin baitocin Imfiraji ba, ko daga bakin makaho a ƙofar gida, ko a cikin kasuwa, ko a rediyo. Mai waƙar, Alhaji Aliyu Namangi na Zariya, an haife shi a 1894, ya rasa ganinsa tun yana ƙaramin yaro, ya rayu har 1990. A ka yake tsara baitocinsa, ya riƙe su, wasu su rubuta masa. Daga baya aka buga su a Zariya, aka riƙa karantar da su a makarantu, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba shi digirin girmamawa na dakta.

In ana hirarsa, abin da aka fi faɗa shi ne, ai makantar ce ta buɗe masa basira. Mai wannan rubutu, wanda jinyar masu lalurar ƙwaƙwalwa ce sana'arsa a wannan yanki, bai yarda da wannan magana ba, kuma yana ganin ɓarnar da irinta ke yi a wurin aikinsa. A zamanin Namangi, agana da ƙyanda da amosanin ido sun makantar da jama'a bila adadin, amma Imfiraji guda ce. Abin da ya haife ta shi ne shekarun da ya yi gaban malamai, da hadda, da sanin ma'aunin waƙa da amsa-amo, da haƙurin juya baiti har ya zauna daram. Lalura ta ba shi abin faɗa game da duniya da rashin tabbas ɗinta. Iya faɗar kuwa, aiki ya sha.

Haka labarin yake ga Malam Yahaya Makaho na Kaduna a zamaninmu. Ƙyanda ce ta tafi da idanunsa yana yaro, ya yi almajiranci, ya yi bara a titi, ya ɗanɗani wulaƙancin da ke cikinta. Da ya sami hanyar shiga sutudiyo, sai ya juya bakinsa kan barar nan da ya sani ciki da waje, da shaye-shaye, da cin hanci, har ya koma yana tallafa wa karatun yara masu lalura irin tasa. A Mali ma, a makarantar makafi ta Bamako Amadou Bagayoko da Mariam Doumbia suka haɗu, suka yi aure, suka zagaya duniya da kiɗansu har zuwa rasuwar Amadou a Afrilun 2025. Abin lura a nan shi ne makarantar. Wani ne ya zauna ya koya musu.

Makanta kowa na ganinta. Akwai ciwon da ba a gani, kuma shi ya fi cin rai. Amosanin jini, wato sikila, na sahun gaba. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da wannan ciwo kowace shekara a Nijeriya, kuma kusan mutum 1 cikin 4 na ɗauke da ƙwayar halittarsa ba tare da yana ciwon ba. Jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila kan lanƙwashe su toshe ƙananan hanyoyin jini, sai ƙashi ya ɗauki zugi irin wanda ke sa babban mutum kuka. Sanyin hunturu, da ƙarancin ruwa a jiki, da zazzaɓin cizon sauro, da gajiya, duk suna tayar da shi. Wanda ya san yadda iskar Disamba ke busawa a ƙasar Roni da Gwiwa ya san watannin da iyayen waɗannan yara ba sa barci.

Mawaƙin nan na Legas, Adekunle Gold, ya daɗe yana tashe kafin mafi yawan masu sauraronsa su san da wannan ciwo aka haife shi. A 2022 ya ambace shi a waƙarsa mai suna "5 Star", ya kuma rubuta wa masoyansa bayanin dararen da ya yi cikin azaba yana yaro, da yadda aka hana shi wasannin da tsaransa ke yi. Bayan haka ya kafa gidauniya don masu sikila. A Amurka, Prodigy na ƙungiyar Mobb Deep ya yi waƙa sukutum a kan ciwon a shekarar 2000, ya bayyana zafin jikin da kuma ƙuncin zuciyar da ke biyo shi. Ya rasu a 2017 yana da shekara 42, bayan an kwantar da shi a asibiti a Las Vegas. Waƙar ta wayar da kan mutane da yawa, amma ba ta gyara masa ƙwayar jini ko guda ba. Wannan gaskiya ce da ya kamata a faɗe ta ƙarara.

To me waƙar ke yi ke nan?

Akwai wata budurwa mai sikila da mai wannan rubutu ya daɗe yana gani. Ba ciwon ƙashi ne ya kawo ta ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa ba. Ta daina cin abinci ne, ta daina zuwa Islamiyya, ta shige ɗaki, tana cewa ita nauyi ce a kan iyayenta, kuɗin gidan duk a kanta suke ƙarewa. Ciwon damuwa ke nan, kuma yana yawan bin masu doguwar jinya, sai dai a gida akan ce mata ta yi haƙuri kawai, ko a ce ta cika shagwaɓa. An sa ta a magani, ana zama da ita ana tattaunawa. Ana cikin haka mahaifiyarta ta ambaci cewa tana da wani littafin rubutu da take tsara begen Annabi a ciki. Da aka duba, sai aka ga wani abu: babu baiti ko ɗaya da ta rubuta a ranar da ciwo ya tashi. A irin wannan rana ko alƙalami ba ta iya riƙewa. Sai ciwon ya lafa da kwana biyu ko uku, sannan ta zauna ta nemi kalmar da za ta dace da abin da ya wuce ta kanta, ta ƙirga gaɓoɓi, ta soke, ta sake. Kuma makonnin da damuwar ta yi tsanani, shafukan fari fat suke. Da magani ya fara aiki, rubutun ya dawo.

A nan amfanin yake. Zafi abu ne marar tsari, yana zuwa ba sallama, ba ya jin magiya. Mai tsara waƙa yana ɗaukar wannan abu ya sa shi cikin awo, ya yi masa farko da ƙarshe, ya zama shi ke juya shi ko da na ɗan lokaci ne. Sannan waƙa tana da mai sauraro. Yarinyar da aka saba kira "marar lafiyar gidan" sai ta zama wadda ƙawaye ke roƙo ta rera musu a walima. Rerawar kanta tana tilasta jan numfashi mai tsawo da sakinsa a hankali, irin wanda ake koya wa masu fargaba a asibiti. A 2019 ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar da rahoton da ya tattara rubuce-rubucen bincike sama da 900 kan alaƙar fasaha da lafiya, ya nuna kiɗa da waƙa na taimakawa wajen rage fargaba da jure zafi. Iyayenmu mata da ke waƙa a bakin dutsen niƙa, suna zuba damuwar gidan miji cikin baiti, sun riga rahoton sanin haka.

Amma akwai ɗaya ɓangaren, kuma shi ya fi tayar wa mai wannan rubutu hankali. Samari da yawa daga Kazaure da kewaye suna bin hanyar Kano, su tare a sutudiyoyin Zoo Road da makamantansu, suna neman ranar da muryarsu za ta fita. Wasunsu kan dawo gida ba yadda suka tafi ba. An gaya musu basira ba ta saukowa sai an ɗan "caji", sai a fara da kwalbar maganin tari ko ƙwayar tiramol don a kwana ana aiki. Gwamnatin Tarayya ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, bayan wani binciken BBC ya tona yadda ake safararsa, kuma binciken ƙasa na wannan shekarar ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne ke amfani da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya. Hanin bai kashe ƙishirwar ba. Masu sikila kuma suna da nasu tarkon: allurar kashe zafi ta pentazocine, wadda akan fara da ita bisa larura a asibiti, daga baya mutum ya koma saye a kemis yana yi wa kansa, har cinyoyi da damatsa su zama gyambo.

Akwai kuma ciwon da ke ɗaga mutum sama ya sauke shi ƙasa. Saurayi zai yi kwanaki ba barci, yana magana ba tsayawa, yana cewa ya tsara waƙa ashirin a dare ɗaya, ya rabar da kuɗinsa, abokai na tafa masa suna cewa baiwa ta motsa. Bayan makonni ya faɗi warwas, ko gaisuwa ba ya amsawa. In aka saurari waƙoƙin nan ashirin da kunnen basira, da ƙyar a tsinci guda da ta kammala. Wannan ciwo ne da likitoci suka sani, yana da magani, kuma mutum na iya rayuwa da shi ya yi sana'arsa. Omah Lay, matashin mawaƙin Fatakwal, ya fito fili ya yi maganar ciwon damuwar da ya sha a lokacin da yake haɗa kundinsa na "Boy Alone" a 2022, kuma fitowar tasa ta sa matasa da dama sun sami bakin faɗar nasu. A Arewa har yanzu mawaƙi ya fi son a ce sammu aka yi masa, ko abokan hamayya ne suka sa shi gaba, da a ce yana ganin likitan ƙwaƙwalwa.

Tambayar da masu fasaha suka fi yi a ɗakin duba marasa lafiya ita ce: "Malam, maganin nan ba zai kashe min basira ba?" Tambaya ce mai kyau, kuma ba a amsa ta da tsawa. Gaskiya ne wasu magungunan kan kawo yawan barci, ko bushewar baki, ko rawar hannu, ko sandarewar jiki. Ga mai rera waƙa ko mai kaɗa gurmi da kalangu, waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne. Abin yi shi ne ya gaya wa likita sana'arsa tun ranar farko, domin ana iya rage yawan maganin, ko a mayar da shansa dare, ko a sauya wani. Abin da ke jawo musiba shi ne a ajiye magani a ɓoye saboda ana da biki ko ana shirin shiga sutudiyo. Yawancin waɗanda ake dawowa da su a ɗaure cikin mota, ta wannan ƙofa ciwon ya sake shigar musu.

Likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, don haka nauyin yana kan ma'aikatan jinya da na lafiya matakin farko, da kuma iyali. Duk da haka mutanen wannan yanki sun fi wasu sa'a, tunda akwai asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa a cikin Kazaure, ga kuma na Dawanau a kan hanyar Kano. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tabbatar wa marar lafiya haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana zuwa asibiti. Mari da sarƙa da duka kuwa ba magani ba ne.

Saboda haka, iyaye, in ɗanku ko 'yarku na fama da doguwar jinya kuma kun ga hannunsa na zuwa ga alƙalami ko bakinsa ga waƙa, kada ku ƙwace littafin, ku nema masa wanda zai koya masa, ku kuma riƙe ranar komawa asibiti da muhimmanci. Masu shirin aure su yi gwajin jini tun magana ba ta yi nisa ba. Ku kuma masu sutudiyo da manyan mawaƙa, yaron da ya kwana uku bai runtsa ba, ko ya fara maganar ya gaji da duniya, ba makirufo yake buƙata a ranar ba. Ku kira 'yan'uwansa, ku raka shi asibiti.