Masu Jinyar Tsofaffi A Ingila Lokacin Annobar Korona

A ƙasarmu idan tsoho ya gaza, 'ya'yansa da jikokinsa ne ke ɗaukar ɗawainiyarsa. A Ingila kuwa akwai gidaje na musamman inda ake ajiye tsofaffi da naƙasassu, a ɗauki ma'aikata su riƙa kula da su. Su ba likitoci ba ne. Aikinsu shi ne yi wa tsoho wanka, da sake masa tufa, da ba shi abinci a baki, da juya shi bisa gado don kada jikinsa ya yi gyambo. To, yaya za ka yi wa mutum wanka alhali an ce ka nisance shi da mita 2?

Ran 23 ga Maris, 2020, aka hana fita a ƙasar, amma su ba su da halin zama gida. Daga tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Afrilu an sallamo majinyata kimanin 25,000 daga asibitoci zuwa waɗannan gidaje, da yawansu ba a auna su ba. Ga shi takunkumi da safar hannu sun yi ƙaranci. Cuta ta shiga, tsofaffi suka yi ta mutuwa.

Ganin haka, waɗansu ma'aikata suka kwashe kayansu suka tare a wurin aiki, makonni ba su ga 'ya'yansu ba, don kada su ɗauko cutar daga waje. Mu 'yan makarantar kwana mun san zafin rabuwa da gida, amma mu mun san ranar hutunmu, su kuwa ba su san tasu ba. Masu komawa gida sukan tuɓe a bakin ƙofa, su yi wanka kafin su taɓa kowa. Da aka hana dangi ziyara, ma'aikaciya ce ke kara wa tsohuwa waya a kunne, 'yarta ta yi mata ban kwana. Bayan haka abokan aiki ke ba ta haƙuri, don su kaɗai suka ga abin da ta gani.

Jama'a sun yi ta tafa musu kowace Alhamis da ƙarfe 8 na dare, har mako 10. A ganina tafin bai taɓa babbar damuwarsu ba. Da yawansu idan ciwo ya kwantar da su, fam 95.85 kawai doka ta ba su a mako. Wato wanda ya ji zazzaɓi sai ya zaɓa, ko kuɗin haya ko lafiyar tsofaffi.

Ran 8 ga Disamba, 2020, aka fara allurar rigakafi, aka sa tsofaffin da masu jinyarsu a sahun farko.