Me Ya Sa Maganin Ruwa Ba Ya Daɗewa?

'Yan'uwana malaman gobe, ina so mu duba wani abu da kowa ya saba gani. In an kai yaro asibiti, akan ba uwarsa garin magani cikin kwalba, a ce ta zuba tafasasshen ruwa da ya huce, bayan kwana 7 ko 14 ta zubar da saura. Don me ba a haɗa shi tun daga ma'aikata ba? Domin ruwa yakan rage ƙarfin maganin sannu a hankali. Abu biyu kuwa ke ƙara masa sauri, watau tsami da zafi.

Masana suna auna tsami da ma'aunin pH, daga 0 zuwa 14. Tsabtataccen ruwa 7 ne. Abin da ya gaza 7 mai tsami ne, kamar lemun tsami da ke wajen 2. Wanda ya haura 7 kuwa dangin kanwa ne. Kowane magani da inda ya fi zama lafiya. Ga misali Penisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a 1928. Irinsa da ake kira Penisilin G ya fi jimrewa tsakanin 6 da 7. Ruwan cikin mutum kuwa tsaminsa 1 zuwa 3 ne, yakan lalata yawancinsa, shi ya sa ake ba da shi ta allura. Asfirin kuwa dangin kanwa ne ke saurin ɓata shi.

Sai zancen zafi. Galibi in ya ƙaru da digiri 10, saurin lalacewa yakan ninka. Watau kwalbar da ke ɗaki mai digiri 35 ta ninka ta digiri 25 saurin lalacewa. A digiri 45 kuwa ninki huɗu ke nan. Abin tsoro shi ne, sau da yawa ido ba ya ganewa. Yaro na shan magani, ciwo na nan daram.

Ga gwajin da nake so mu yi wa almajiranmu. A jiƙa zoɓo, a raba biyu. A matsa lemun tsami a ɗaya, sai ya ƙara ja. A sa kanwa a ɗayan, sai ya rine. Haka tsami da kanwa ke taɓa magani, sai dai shi a ɓoye.

To, mu koya musu su gaya wa iyayensu: kada a gauraya magani da kunun tsamiya ko na kanwa sai an tambayi likita. In takardar kwalba ta ce firiji, a ajiye shi tsakanin digiri 2 da 8, kada ya daskare. Inda babu firiji, a nemi inuwa mai sanyi, kamar gindin randa. Ranar da kwanakinsa suka cika, a zubar, kada a ajiye wa ƙane. Allah ya ba mu lafiya.