Reshe a Cikin Akwati: Jan Kunne ga Masu Son Dasa Tuffa Mai Kaushi

Jama'a, duk wanda ya bi ta filayen jirgin saman Ingila a 'yan shekarun nan ya ga allunan da hukuma ta kakkafa, ana roƙon matafiya kada su shigo da dashe ko reshe ko iri a cikin kayansu. Yawancinmu wucewa muke yi muna jan akwati, a zatonmu da Turawa masu furanni ake. To, har da mu ake. Tun da 'yan'uwanmu mazauna Ingila suka fara samun gidaje masu fili a baya, wasu kuma suka karɓi hayar fegi a lambunan ƙaramar hukuma, sha'awar dashe ta motsa. Shi kuwa Bahaushe in ya ga itacen kirki, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne yadda zai kai irinsa gida.

Itacen da ya jawo wannan takarda shi ne tuffa mai kaushin fata, wadda Turawa ke kira rasit. Wanda bai san ta ba zai wuce ta a kasuwa ko waiwaye babu. Ba ta da jan nan mai sheƙi na tuffar kanti. Fatarta ruwan ƙasa ce da ɗan ratsin zinariya, in ka shafa sai ka ji kamar bayan ƙwaryar da ba a goge ba. Misalinta kamar dattijon nan ne da ke zuwa masallaci da tsohuwar riga mai faci, ya zauna can sahun baya kusa da takalma, yara na tsallake ƙafarsa, masu babbar riga ko gaisuwarsa ba sa amsawa da kyau, sai ranar da mas'alar gado ta gagari liman a ga an juya ana nemansa, ya warware ta a zaune ba tare da ya buɗe littafi ba. Haka take. Gutsura ɗaya za ka ji zaƙi mai nauyi da ɗan garɗi irin na gyaɗa, ga tsoka mai ƙarfi wadda ba ta cika ruwa ba.

Wadda aka fi samu ita ce Egremont Russet, da aka fara rubuta labarinta a 1872, kuma ana danganta asalinta da yankin Sasek. Akwai Ashmead's Kernel, tsohuwa ce daga garin Gulosta tun wajen 1700, tsami gare ta ranar da aka tsinke, sai ta kwana biyu a ajiye take sakin zaƙi. Akwai St Edmund's Pippin mai nuna da wuri a watan Satumba, amma ba ta ajiyuwa. Mai son gani da ido ya je Brogdale a yankin Kent, inda gwamnati ke adana ire-iren tuffa fiye da 2,000 a gona ɗaya. Ni dai in mutum itace ɗaya zai dasa, Egremont nake ba shi shawara.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Tuffa ba ta gadon uwarta ta ƙwaya. Ka shuka ƙwayar Egremont, ka yi shekaru kana ban ruwa, abin da za ta haifa maka wani abu ne dabam, galibi mai tsami. Kamar mangwaro ne, sai an yi mata aure: a yanko reshe daga uwar, a ɗaura shi a kan wani gindi. Saboda haka duk mai son irin, reshe yake nema, kuma reshe abu ne da ke shiga aljihu.

Bara wani baƙona da ya zo daga gida, dattijo mai mutunci, ya ci tuffar lambuna ya yaba. Bayan La'asar na leƙa ta taga sai na hange shi da 'yar wuƙa. Kafin in fito ya yanki tsinke uku tsawon fensir, ya naɗe su a jiƙaƙƙen hankici, ya sa a leda, ya cusa ledar a cikin safa. Wai Jos zai kai wa ƙaninsa. Na ce, "Alhaji, don Allah a ba ni kayan nan." Ya ce, "Haba Malam, ɗan tsinke ne fa, ko rowar itace aka fara a Turai?" Bai sake yi mini magana ba sai bayan Isha'i. Na karɓe dai.

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Akwai wata cuta ta tuffa da danginta wadda za mu iya kira cutar ƙuna, domin reshen da ta kama yakan yi baƙi kamar wuta ta lashe shi, ganyen ya bushe bai faɗi ba, kan reshen ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Ƙwayar bakteriya ce, asalinta Arewacin Amurka, kuma a 1957 aka fara ganin ta a Ingila, a gonakin Kent. Muguntarta ita ce takan kwanta a ƙarƙashin ɓawo duk tsawon hunturu, reshe na nan sumul kamar lafiyayye. Da ɗumi ya shigo sai ta tsattsafo da wani ruwa mai danƙo, ƙwari da ƙudan zuma su kwasa su kai fure zuwa fure, ruwan sama da almakashin mai lambu su ƙarasa aikin. Mai lambu ba shi da maganin fesawa da zai warkar da ita, sai yanka da ƙonawa. Saboda tsoronta Ostareliya ta hana tuffar Niyu Zilan shiga ƙasarta tun daga 1921 har zuwa 2011. Shekara casa'in, tsakanin maƙwabta biyu masu harshe ɗaya! Kai kuma kana cewa ka duba tsinkenka da ido ka ga lafiyarsa lau.

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne. A tambayi tsofaffin manoman rogo. A farkon shekarun 1970 wani ɗan ƙwaro mai kama da farin gari ya shigo Afirka daga Kudancin Amurka, a jikin karan rogo da aka kawo don dashe. Ya bazu ƙasa bayan ƙasa, gonaki suka ƙanƙance, abincin miliyoyin mutane ya shiga haɗari. Sai da masana na cibiyar IITA ta Ibadan da abokan aikinsu suka bi sawunsa har Faraguwai, suka samo wani mitsitsin zanzaro mai kashe shi, aka fara sakinsa a 1981, har da jirgin sama aka riƙa watsa shi. Wanda ya ɗauko karan nan na farko da kyakkyawar niyya ya ɗauko. Mutanen Kano da Kaduna kuma ba su manta 2016 ba, shekarar da tsutsar tumatir, ita ma baƙuwa daga Kudancin Amurka, ta cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta sa dokar ta-ɓaci. Haka Italiya ta yi asarar miliyoyin itatuwan zaitun a yankin Fuliya tun daga 2013 saboda wata cuta, kuma masu bincike sun fi zargin dashen ado da aka shigo da shi daga waje.

Malamanmu sun karantar da mu cewa dashen itace sadaka ce, duk mutum ko tsuntsun da ya ci, lada na komawa ga mai dashe. Su ɗin dai suka karantar da mu haramcin cutar da maƙwabci, da hanin fita daga garin da annoba ta sauka. Ina ladan sadakar da ta ƙone gonar mutane? Abin kunya ne a ce mutum ya yi karatu, ya san amfanin katin allurar shawara a fasfonsa, amma ya ɓoye reshe a safa kamar ɓarawon kaza. Wanda ya yi haka ya ci amanar ƙasa biyu, kuma in ya tsallake jami'in filin jirgi, akwai Wanda ba a ɓoye wa komai. Doka a fili take: dashe ba ya shiga Birtaniya sai da takardar shaidar lafiyar tsiro, wasu ma an hana su gaba ɗaya, a Nijeriya kuwa sai da izinin hukumar killace kayan gona ta NAQS. Hanyar dawowa ma haka: mai tahowa daga gida ya bar karan zogale da na shuwaka inda ya gan su.

Ga shi kuma kai rasit gida wahalar banza ce. Rasit 'yar sanyi ce, sai ta sha ɗaruruwan awoyi ƙasa da digiri 7 kafin ta yi fure yadda ya kamata. Ko tsaunukan Jos da Mambila ba za su ba ta wannan ba, balle Sakkwato. Ƙasashe masu zafi suna da nasu iri, kamar Anna da aka samar a Isra'ila.

Ga mai son dasa ta a Ingila, sauran bayani ba shi da wuya. Sayi dashenka a gandun reno mai rajista, kada ka saya a bayan mota ranar kasuwar Lahadi. In ta intanet ka yi oda, ka tabbata ya zo da lambar fasfon tsiro. Tambayi gindin da aka ɗaura shi a kai, domin gindi ke yanke tsawo: M27 na tukunya ne ko ƙaramin fili, M9 da M26 sun dace da bayan gida, MM106 yakan kai mita 3 zuwa 4. Ana dasa mai tsirarar saiwa daga Nuwamba zuwa Maris, a wuri mai rana wanda ruwa ba ya kwanciya. Kada ƙasa ta rufe gaɓar auren. A kafa masa turke, a zuba taki a kewaye ba tare da ya taɓa jikin itacen ba, a yi ban ruwa a bazarar farko da ta biyu. Egremont takan yi 'ya'ya ita kaɗai, amma ta fi cika in akwai wata tuffa kusa mai fure lokaci guda. Ashmead's Kernel kuwa dole sai da maƙwabciya. A datse rassa da hunturu, a riƙa goge almakashi da maganin kashe ƙwayoyin cuta tsakanin itace da itace. In an ga alamar ƙuna, a yanke kamu ɗaya ko biyu ƙasa da inda baƙin ya tsaya, a ƙone.

Tsinka daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba: ka tallafe ta a tafin hannu ka ɗan murɗa, in ta saki ta nuna. Fatarta na zubar da ruwa da sauri, don haka takan yamutse a ɗaki mai hita. A jera su a wuri mai sanyi da duhu, kowace a naɗe da takarda, a riƙa dubawa duk mako ana cire ruɓaɓɓu. Egremont takan kai Disamba, Ashmead's Kernel har Fabrairu.