Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Sa Wasu Barin Cin Nama?

Wani mai sauraronmu daga Tsinga, kusa da Briqueterie a birnin Yawunde, yana tambaya: me ke sa mutum da lafiyarsa ƙalau ya ƙaurace wa nama?

To Malam, dole abin ya ba ka mamaki, tunda a unguwarku da yamma ta yi sai ƙamshin tsire, wanda kuke kira soya, shanun kuma galibi daga Adamawa ake sauko da su. A wurin Musulmi nama halal ne, ga layya, ga ragon suna.

A Indiya maganar ta addini ce. Mabiya Jain da Hindu da dama suna ganin yanka dabba cutar da rai ne. Kiristocin Habasha ma sukan bar nama da madara a kwanakin azuminsu. Wasu kuma lafiya suke dubawa, domin a 2015 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa sarrafaffen nama, irin na gwangwani, yana iya haddasa kansar hanji. Akwai masu tausayin dabbobi, akwai masu kukan gurɓatar yanayi.

Abin da ya fi damuna shi ne, a gidajenmu yawanci tsada ce ke raba tukunya da nama. Wake da gyaɗa da daddawa suna gina jiki sosai, amma sinadarin B12 sai a nama, kifi, ƙwai ko nono. Don haka a riƙa tanadar wa yara da masu juna biyu ko da ƙwai ko kindirmo.