DARASI: MAIGIDA, KA SAN NAUYIN DA KE KAN MA'AIKACINKA?

'Yan uwa, darasinmu na yau na masu shago ne da masu kamfani da masu makaranta, da duk wanda Allah Ya ɗora a kan wasu a wurin aiki.

A cikin ma'aikatanka akwai wanda kullum da sassafe sai ya kai yara makaranta, ya biya ta gidan mahaifiyarsa ya duba ko ta sha maganin hawan jini, sannan ya nufo wurin aiki. Akwai malamar da ke goye da jariri, ga mahaifinta kwance da shanyewar ɓarin jiki. Sun makara da minti ashirin, kai kuma ka tarbe su da "an yanke muku na yau". To, mu duba abin da Manzon Allah (SAW) ya yi da irin wannan uzuri.

A yaƙin Badar, cikin Ramadan na shekara ta 2 bayan Hijira, Musulmi ɗari uku da 'yan kai ne, ana buƙatar kowane namiji. Amma Sayyidina Usman (RA) bai fita ba, saboda matarsa Ruƙayya, 'yar Manzon Allah, tana kwance ba lafiya. Annabi (SAW) ya bar shi ya yi jinya, ya tabbatar masa da ladan wanda ya halarta, ya kuma ba shi kasonsa na ganima. Bukhari ya ruwaito. Ka ga, an ba shi izini, kuma ba a taɓa rabonsa ba. In jinyar mata ta samu wannan matsayi, ina ga jinyar uwa da uba? Wani mutum ya zo neman izinin fita jihadi, da Annabi (SAW) ya ji iyayensa suna raye, sai ya mayar da shi ga hidimarsu. Don Allah, shagonka ya fi Badar muhimmanci ne?

Me za ka yi a aikace?

1. Ka tambaya kafin ka hukunta. Mutanenmu akwai kunya da kara, wani ko zai mutu ba zai ce maka tsohonsa ba ya iya tashi ba.

2. Ka sassauta lokaci. Mai kai mahaifi asibiti ran Talata, bar shi ya zo da azahar ya rama ran Asabar, ko su yi musanya da abokin aikinsa.

3. Ka ware kwanakin jinya da albashi, a rubuce, kowa ya san da su, don kada ya zama sai ɗan lelen oga ke samu.

4. Ka cika abin da doka ta ɗora maka. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba mace hutun haihuwa na mako 12, ta kuma ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana.

5. Ka duba inshorar lafiya. Tsarin NHIA na ma'aikata ya ƙunshi mutum da matarsa ko mijinta da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Iyaye ba sa ciki sai an biya musu daban. In kana da hali, biya wannan sadaka ce mai girma.

6. Ka ba da rance marar ruwa, a riƙa cira kaɗan-kaɗan. Mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi, Naira dubu 70, in kuɗin makaranta da kuɗin magani suka haɗu masa a wata guda, ina zai sa kansa?

Kai ma ma'aikaci, ka ji tsoron Allah. Kada ka kwantar da mahaifiyarka da baki alhali tana lafiya don ka tafi biki. Ƙaryarka ce ke rufe wa mai uzurin gaskiya ƙofa. Ka sanar da wuri, in ka dawo ka riƙe amana.

Maigida, furfura tana nan tafe. Wata rana kai ne a kwance, ɗanka yana tsaye gaban wani oga yana roƙon a bar shi ya zo ya juya ka. Amsar da kake so a ba shi ranar, ita za ka ba ɗan wani yau.

Allah Ya ba iyayenmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, Ya shirya mana zuri'a. A tura wa duk wani maigida da aka sani.