Wa Ke Taɓa Ƙofar Asusunka?

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, harkoki da yawa a Birnin Kudu da Gwaram suka koma cikin waya. Dillalin hatsi a kasuwar Sara yana da asusun banki a wayarsa, ma'aikacin gwamnati kuma yana da na imel da na wurin aiki. Sai ga sabon kuka: an rufe asusu, an buɗe, gobe an sake rufewa. Nan da nan a ɗora wa sabis laifi, ko 'yan damfara. Alhali sau da yawa mai laifin na gida ne, wata waya ce da mai asusun ya manta da ita.

Asusu kamar ɗaki ne mai maigadi. In aka yi ta gwada makullin da ba shi ba, sai maigadi ya datse ƙofa, ko mai ɗakin ya zo sai ya jira. To, waya tana haddace kalmar sirri, kuma takan leƙa imel ko ta nemi shiga Wi-Fi da kanta, ba tare da an taɓa ta ba. Ranar da ka canza kalmar, sabuwar wayarka ce kaɗai ta sani. Tsohuwar da ka ba ƙaninka ba ka goge ba tana nan tana ƙwanƙwasawa da tsohon makulli. An fi ganin haka a asibiti ko makaranta ko ofis, inda suna ɗaya da kalma ɗaya ke buɗe kwamfuta da imel da Wi-Fi. Shi ya sa yawan canza kalmar sirri ba ya magani. Sai an gano na'urar.

Bin sawun kuwa da takarda da biro ake fara shi. Rubuta duk wayar da ka taɓa sa kalmarka a ciki, har da kwamfutar shagon da aka cike maka fom. Sannan rubuta lokacin da ake rufe asusun. In kullum da safe ne, daidai shigowar ma'aikata, to na'urar a aljihun wani take, tana shigowa tare da shi. Kashe na'urorin ɗaya bayan ɗaya, ka ga wadda in ta yi shiru rufewar ta tsaya. Gmail da Facebook da WhatsApp duk suna nuna jerin na'urorin da ke cikin asusunka, wadda ba ka gane ba ka fitar da ita. A ofis, jami'in kwamfuta yana iya ganin lambar na'urar mai alamomi 12, da shida na farko ake gane kamfanin da ya ƙera ta. Wayoyin yanzu sukan ɓoye wannan lamba, amma akwatin Wi-Fi ɗin da take kusa da shi zai nuna ɓangaren ginin da take.

Wani zai ce, a cire rufewar mana kowa ya huta. A'a. Lambar sirri mai lamba huɗu, daga 0000 zuwa 9999, dubu goma ce kacal. Ba don datse ƙofa ba, mai haƙuri zai gwada su duka. Wani kuma zai ce, in fa ɓarawon ne da gaske? Wannan tambaya ce mai kyau, kuma akwai alama. Waya ba ta danna lambar katin ATM da kanta, ba ta buga lambar tura kuɗi da kanta. In an rufe waɗannan alhali ba kai ka yi kuskure ba, hannun mutum ne. A nan ba a jira: je banki da katin shaidarka a canza lambar, sannan ka tuna wa ya riƙe maka katin a wurin mai POS, kuma a shagon wa wayarka ta kwana tana caji.