Yadda Ake Saka Hitar Wanka Marar Tanki a Gida

Da zarar Disamba ta kama, hunturu ya buso, wankan asuba kan zama abin shawara a gidajenmu. Wasu su ɗora tukunya a murhu, wasu su tsoma hitar bokiti, lanƙwasasshen ƙarfen nan da ba mai sa hannu a ruwa yana ciki sai wanda ya gaji da duniya. Masu hali kan rataya hita mai tanki, ta lita 30 ko 50, wadda sai an jira ta dafa ruwan, kuma in mutum biyu suka yi wanka, na uku sai haƙuri. Akwai kuma wata 'yar ƙarama da ba ta kai jakar makarantar yaro girma ba, ba ta ajiye ruwa ko ɗigo. Ruwa ya shiga da sanyinsa, ya ratsa ta jikin ƙarfe mai zafi, ya fito da ɗumi nan take. Ka rufe famfo, ta mutu.

Rataya ta a bango bai fi aikin rabin sa'a ba. Waya da ƙarfin ruwa su ne masu cin kuɗi da lokaci, don haka a gida ake fara aikin, tun ba a je kasuwa ba.

Fara da wuta. Wannan hita a cikin daƙiƙoƙi take yin abin da mai tanki ke ɗaukar dogon lokaci tana yi, saboda haka zuƙarta babba ce. Akwai mai kilowat 3.5, akwai 5.5, akwai 7. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, ke nan mai 5.5 tana jan kusan amfiya 24, alhali soket na bango 13 kawai yake ɗauka. Na ga gidan da wani mai wayarin ya jona ta daga soket ɗin firji don a rage kuɗin waya. Ba a yi sati ba warin ƙonanniyar roba ya cika gidan, aka fasa bango aka sake aiki daga farko. Araha ba ta ado.

Sannan ka sa mai gyaran wuta ya auna ƙarfin wutar unguwarku, kuma a daidai lokacin da kuke wanka, ba da tsakar rana ba. In wuta ta sauka zuwa bolt 180, zafin da hitar ke bayarwa yakan ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. Ƙaramin janareta ba ya ɗaukar ta, haka yawancin inbatar sola ta gida. Wanda unguwarsu ba a cika kawo wuta da asuba ba, gara ya tsaya a kan mai tanki, ita ko ba komai tana riƙe zafin jiya.

Ga lissafin da zai raba ka da mai shago lafiya. Hita mai kilowat 5.5, in ruwa na wucewa lita 3 a minti, tana ƙara masa kimanin digiri 26. In ruwan ya kwana a tanki ya sauka zuwa digiri 15, zai fito a 41, daidai wanka. Ka buɗe famfo ya kai lita 5 a minti, ƙarin ya koma kimanin 16, ruwan ya zama ba sanyi ba zafi. Mai 3.5 kuwa, a lita 3 ɗin ma digiri 17 take iya ƙarawa. A ganina, mutumin Jos ko Zariya da ya saye ta don hunturu zai yi wanka yana rawar ɗari.

Sai ruwa. Akasarinmu daga tankin sama muke samunsa, kuma ƙarfinsa ya dogara ga tsayin da aka ɗora tankin: kowace mita 10 tana ba da ƙarfin “bar” 1 a ma'aunin ƙarfin ruwa. Tankin da ya ɗara kan shawa da mita 3 kacal, 0.3 yake bayarwa. Hitar tana da ma'aunin da ba ya barin ta kama sai ruwa ya kai wani ƙarfi, an kuma rubuta adadin a jikin kwali. In naka bai kai ba, ko ka ɗaga tankin, ko ka sa ƙaramin injin tura ruwa, ko ka sayi hitar da ta zo da injinta a ciki.

To, an sayo. A rufe ruwa daga tanki, a kashe wutar gidan gaba ɗaya daga babban akwati, a kuma gwada da testa a tabbatar ta mutu. A zaɓi wuri sama da kafaɗa, a gefe, inda feshin shawa ba zai riƙa dukanta ba. A ɗora ta a bango a yi alamar ramuka da fensir. Kafin a huda, a tuna ta ina bututu da waya suka bi a cikin bangon, domin yawanci a miƙe suke tashi daga famfo ko makunni. A kan tayil, a manna tef a wurin don kada bakin injin ya zame, a huda a hankali.

Bakin shigar ruwa yawanci alamarsa shuɗiya ce, na fita ja. Kafin a haɗa, a saki ruwa ya zuba a bokiti na ɗan lokaci ya wanke yashi da ɓarɓashin roba da suka maƙale a bututu. A sa bawul a gefen shiga, a tabbatar 'yar rariyar da ta zo da hitar tana wurinta, a naɗe zaren haɗin da farin tef na masu famfo, a ɗaure da hannu sannan a ɗan ƙara da sifana. Matsewa da ƙarfi na fasa bakin roba. Irin wadda aka ƙera don shawa ɗaya ba a sa mata bawul ko famfo a gefen fita, dole bakin ya zauna a buɗe. In kuma irin mai raba ruwa zuwa wurare ce, a yi amfani da bututun PPR, domin na PVC ba na ruwan zafi ba ne.

Wayarin kam a bar wa mai sana'a, amma maigida ya tsaya a kansa. Waya ce tata ita kaɗai tun daga babban akwati, ta jan ƙarfe zalla, mai kaurin murabba'in milimita 4 ga mai kilowat 5.5, ko 6 ga mai 7 ko in tafiyar da nisa. A sa mata bireka tata mai amfiya 32, da na'urar nan ta RCD mai miliamfiya 30, wadda ke yanke wuta cikin ƙiftawar ido in ta fara zirarewa ta ruwa ko ta jikin mutum. Makunni babba mai yanke waya biyu, irin na kukar lantarki, a kafa shi a wajen banɗaki. A cikin wayoyin, ja ko ruwan ƙasa ita ce mai wuta, baƙa ko shuɗiya abokiyarta, koriya mai ratsin rawaya ita ce wayar ƙasa. A nan gidaje da yawa ke da rauni: wayar tana nan a bango, amma ba ta kai ga sandar jan ƙarfen da ake binnewa a ƙasa ba, ko ma ba a taɓa binne sandar ba. Ka ce, “Malam, nuna mini inda ta shiga ƙasa.” In babu, a tona a sa. Kowane haɗi kuma a matse shi sosai, domin sakwakkwan haɗi ne ke zafi har ya ƙone.

Kada a yi gaggawar kunnawa. A fara sakin ruwa, wuta a kashe, ya gudana minti ɗaya ko biyu har ya daina tari da tofar da iska. Ƙarfen da aka kunna babu ruwa a jikinsa nan take yake ƙonewa. A duba ɗiga a kowane haɗi, a rufe murfi, sannan a ɗaga bireka. A fara da ƙaramin zafi, a riƙa gwadawa da bayan hannu.

Akwai mai aiki da gas, tana da amfani inda wuta ba ta da tabbas, amma ba a saka ta a rufaffen banɗaki. Iskar gubar da take iya fitarwa ba ta da wari, ba ta da launi, tana kuma kisa. Wurinta waje, ko inda aka fitar mata da bututun hayaƙi.

Ta fuskar mita, wankan minti goma da mai kilowat 5.5 bai cika yunit ɗaya ba. Ruwan rijiyar burtsatse kan bar farin daskararren abu a ramukan kan shawa, sai a riƙa jiƙa shi a ruwan lemon tsami, a wanke rariyar ma. Sau ɗaya a wata kuma, danna maɓallin gwaji da ke jikin RCD. In wuta ba ta yanke ba, kada kowa ya shiga wanka sai mai gyara ya zo.